Waken da Ya Ƙi Nuna a Kan Dutse

Duk unguwar Kurayyat ta birnin Jidda babu wanda bai san shinkafa da waken Rakia ba. Direbobin unguwar Abhur har layi suke yi a ƙofarta ranar hutu. To irin wannan mata ce za a ce wa 'yarta ta kasa dafa wake?

Nafissa ke nan, 'yarta tilo, haihuwar Jidda, wadda ta samu gurbin karatun likita a Kirgizistan, a wani gari can cikin duwatsu, sai mota ta yi awa shida tana hawa kafin a kai. Da za ta tafi, Rakia ta cika mata jaka da waken Maraɗi. Wata uku ke nan, kullum aka yi waya sai yarinya ta ce, "Ummi, wake ba ya nuna a nan."

"Ke dai ki ce ƙyuya," in ji Rakia. "Wake ya san wata ƙasa ne?"

Ran da uban, Maman Lawali, ya ga ƙasusuwan wuyanta a waya, sai ya tashi tsaye. Abincin garin bai karɓe ta ba, daga nonon goɗiya sai kitsen rago, ita kuwa ta koma burodi da shayi.

"Halas!" ya ce. "Da an yi hutu ta kwaso kayanta. Ban tura 'yata ta ƙare a kan dutse ba."

Nafissa ta yi kuka, don tun tana firamare take mafarkin wannan karatu. Amma in Maman Lawali ya ce halas, to an gama. Abin da ya tsaya wa Rakia a rai shi ne waken nan. Ta yaya? Ga tukunya, ga ruwa, ga wuta, a ce bai nuna ba?

Ranar Asabar da safe ta jingina waya a jikin gwangwanin gishiri, ta sa Nafissa ita ma ta jingina tata. Waken buhu ɗaya ne, kowa ya auna kofi biyu, suka ɗora tare. Rakia ta ja kujera ta kafa ido, yau sai ta kama inda ƙyuyar take.

Abin mamaki, ruwan Nafissa ne ya riga tafasa.

"Kai! Naki har ya tafasa?"

"Kullum haka yake, Ummi."

Bayan awa ɗaya waken Rakia ya yi luguf. Na Nafissa kuwa, awa biyu, awa uku, ana ta ƙara ruwa. Yarinya ta tsamo ƙwaya ɗaya ta jefa a faranti, Rakia ta ji ƙarar tun daga Jidda, kamar an jefa tsakuwa.

"Ikon Allah! Wai me ke damun ruwanku?"

Nafissa ta yi bayani, Hausar na ƙwace mata tana cikowa da Larabci. Wai malaminsu ya ce iskar saman dutse ba ta da nauyi, shi ya sa ruwa ke tafasa tun bai gama yin zafi ba.

"Ruwa ya tafasa bai yi zafi ba?" Rakia ta riƙe haɓa. "To shayinku fa? Kai naman ma haka suke fama da shi? Matan garin da me suke dahuwa? Juya wayar in ga dutsen nan da ya raina ni."

Nafissa ta juya waya ta taga. Duwatsu fari fat, sun tokare sama, ga wasu shanu masu gashi har ƙasa suna kiwo. Rakia ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Amma ke ma, don me ba ki faɗa mini haka abin yake ba?"

"Na faɗa, Ummi. Kin ce ƙyuya ce."

Kunya ta kama Rakia, kunya sosai. Wata uku 'yarta na kwana da yunwa, ita tana nan tana mata ba'a.

"Akwai kanwa a garin?"

"Ko sunanta ba su sani ba."

Rakia ta ƙura wa wayar ido. Can ta hango wani baƙin murhun ƙarfe a kusurwar ɗakin Nafissa, wanda tsohuwa mai gidan ke hurawa saboda sanyi.

"Wancan da me ake hura shi? Gawayin dutse?"

"Itace."

"Yalla, ɗebo mini tokar!"

Nafissa ta zaro ido. Haihuwar Jidda, ina ta taɓa jin an sa toka a abinci? Rakia kanta rabonta da wannan aiki tun a ƙauyensu, a gaban kakarta, shekara talatin ke nan. Ta sa ta huda gindin gwangwani, ta shimfiɗa tsumma mai tsabta, ta zuba toka, ta tsiyaya ruwa a kai. Ruwan da ya ɗiga ƙasa, cokali uku a tukunya. Tukunya ta yi kumfa, Nafissa ta ja da baya tana salati, uwar tana dariya. Kafin minti arba'in yarinya ta matse ƙwaya tsakanin yatsu, ta narke.

Da la'asar Maman Lawali ya shigo, ya tarar da waya a jingine, 'yarsa a ciki tana ci hannu baka hannu ƙwarya, faranti na biyu. Ya tsaya yana kallo, aka ba shi labari.

"To," ya ce, "tunda za ta ci ta ƙoshi, ta zauna ta gama karatunta."

Nafissa ta yi ihun murna, ta yi ta sa wa uwar albarka har waya ta katse.

Sai a lokacin Rakia ta gane abin da ta yi. Da ta kame bakinta, da yarinyar na ɗakin nan kafin azumi. Yanzu kuwa shekara shida ce, kuma da hannunta ta jawo.

"Lafiya kike kuka?" in ji Maman Lawali. "Ba ke kika gyara ba?"

"Ni na gyara," ta ce. "Ai shi ya sa."