Injin Yankan Ciyawar Baba Sulemana

Baba Sulemana na unguwar Nima ya tsufa a aikin lambu. Da Baturen da yake yi wa aiki zai koma gida, sai ya bar masa injin yankan ciyawa, irin mai tafiya da kansa, mutum ya riƙe hannu kawai yana binsa. Da shi yake zagaya gidajen unguwar Kanda yana yankan ciyawa. Gwiwoyinsa sun daɗe da gajiya, kuma ya san duk ranar da injin ya daina jan kansa, ranar zai ajiye aiki ya koma zaman benci a ƙofar masallaci. Shi kuwa bai shirya ba.

Wata Litinin injin ya tashi lafiya, wuƙa tana yanka, amma tafiya ta ƙi. Baba ya tura sandar gudu gaba, ya dawo da ita baya, duk ɗaya: sai rarrafe. Da ya zo ɗan hawa, sai injin ya tsaya cak yana kuka. Baba ya tura shi da ƙarfinsa har gwiwa ta ce ba ta yarda ba.

Da la'asar ya kira Zuberu, mai gyaran injin niƙa a unguwar Maamobi. Matar Baba, Mma Barikisu, tana tsakar gida tana tsince wake.

Zuberu ya cire wayar fulogi, ya kwantar da injin a gefensa. Ya ja wayar da ta sauko daga sandar gudu, ba ta saki ba. Ya latsa bel, a ɗame yake. Sannan ya nuna wani faifan ƙarfe da ƙaramar tayar roba a jikinsa.

"Baba, ka ga wannan? Faifan na juyawa, robar ta kama shi, ita ke tura ƙafafu. In ta matsa bakin faifan, gudu. In ta dawo tsakiya, sannu-sannu. Amma sai ta kama fa."

"To me ya hana ta?"

Zuberu ya shafa faifan, ya kai yatsa hanci, ya tuntsire da dariya. "Baba, injinka amarya ce? Wa ke mata shafe-shafe? Man kaɗe ne wannan!"

Tsintar wake ta tsaya.

"Ni ce," in ji Mma Barikisu, ko kunya babu. "Iskar tekun nan ba ta barin ƙarfe. Keken ɗinkina man kaɗe, kwadon ƙofa man kaɗe, gwiwar Malam ma man kaɗe. Na leƙa na ga abin a bushe ƙamas, in zuba ido tsatsa ta cinye mana?"

"Mma, nan kaɗai ne ba ya son gata."

Baba Sulemana ya buɗe baki, sai ya tuna wadda take murza masa gwiwa kullum kafin ya fita. Ya rufe bakinsa.

Zuberu ya goge faifan da tsumma da ɗan fetur, ya wanke robar da sabulu, suka bar ta ta sha iska. Ya ɗan gurza ta da sanfefa, takardar nan mai kaushi, har ƙyallin ya tafi. Da aka tayar, Baba ya tura sandar kaɗan, injin ya ɗauki hanya da kansa, kaji suka watse. Ya dawo da ita, injin ya koma takun dattijo, daidai ƙafarsa.

Ya kashe, ya ce, "Zo nan, Barikisu." Ya nuna mata gindin ƙafafun huɗu da mahaɗin hannu. "Nan duka naki ne, ki shafa son ranki. Faifan nan kuwa nawa ne."

"Na ji. In ya yi tsatsa, kada a kira sunana."

Washegari da safe ta murza masa gwiwa, ta lakata wa ƙafafun injin abin da ya rage a yatsa. Ya fita, injin a gaba, shi a baya, suka nufi Kanda.