Turbon da Na Zaɓa wa Alkasum

Ni Lawali ne, mai gyaran mota a unguwar Dagmanet ta Agadas, kuma zan faɗa tun yanzu don kada wani ya riga ni: ina kishin Alkasum tun muna yara. Taubashina ne, ɗan kawuna. Tare muka koyi aikin mota a garaji ɗaya, ni na iya, shi bai iya ba. Har yau in ka ba shi ƙusa biyu ya ɗaure sai ɗaya ta ɓata. Amma ya iya tuƙi, ya iya dariya, kuma duk inda ya tsaya sai mutane su taru. Kat-kat ɗinmu, wato motar shiga daji, iri ɗaya ce, Toyota mai shan isansi, man fetur ke nan. Ni nake gyara duka biyun. Amma a Agadas in aka ce "mai mota", Alkasum ake nufi, ni kuwa "wancan mai gyara".

Shekarar da nake magana fari ya yi tsanani. Dabbobi sun ƙare, mutanen daji sun cika bakin gari da rumfunan tabarma, soji ne ke mulki, su ne kuma ke rabon hatsin taimako. A cikin wannan halin ne nasaru masu tseren motoci suka ratsa ta garinmu kamar yadda suka saba. Motar wasu ta mutu a rairayi, kuma waye ya ci karo da su ya jawo su har gari? Alkasum, mana. Da ni na bi hanyar nan ranar, da ko akuya ban gani ba.

Da za su tafi suka bar masa akwati. Ya kawo shi garajina da hantsi, ya sauke a gabana yana washe baki.

"Bawana, buɗe ka gani," in ji shi. Haka yake kirana saboda wasan taubasantaka, kuma ban taɓa jin daɗinsa ba.

Na buɗe. Abu biyu ne a ciki, turbo da komfiresa, dukansu na ƙara wa mota ƙarfi ta hanyar cusa mata iska.

"Ni ban san kansu ba," ya ce. "Kai ka sani. Ka zaɓa mini wanda ya dace da ni ka ɗaura, ɗayan kuma naka ne."

Ka ji irin halinsa. Ko kyauta zai yi sai ya yi ta yadda za ka ji kai ƙarami ne.

Na san amsar tun kafin ya rufe baki. Komfiresa igiyar roba ke juya shi daga jikin moter, wato injin mota, da ka taka yake amsawa. Turbo kuwa hayaƙin mota ke juya shi, sai mota ta ɗau zafin gudu sannan yake farkawa. Alkasum hanyar Tabelot yake bi yana ɗauko albasa, hanyar duwatsu da busassun ƙoramu, inda mota ke tafiya a hankali cikin yashi mai taushi. A can in ƙarfi ya makara da numfashi biyu, ka nutse. Komfiresa ne nasa, ko makaho ya ga haka.

"Turbo," na ce. "Shi manyan masu tsere ke sawa. Komfiresa tsohon yayi ne, shan isansi kawai ya iya."

Akwai gaskiya a zancen isansin, shi ya sa fuskata ba ta nuna komai ba.

"Bon, abin da ka ce shi ke nan," ya ce. Ko tambaya ɗaya bai yi ba, kuma wannan ma ya ba ni haushi.

Aikin dai na yi masa shi da kyau, don ba ni iya aikin banza ko ga maƙiyi. Na kuma gaya masa dokar turbo: in ya tsaya kada ya kashe mota nan take, ya bar ta tana aiki minti uku ta huce, in ba haka ba zai ƙone. Sannan na ɗaura komfiresa a tawa. Da na taka ta a bayan garaji sai ta yi wani kuka mai kaifi ta zabura. Matata Tabawa ta leƙo ta bisa katanga.

"Maigida, wannan murnar ta mi ce? Kai da ba ka zuwa ko'ina da motar?"

Abin da nake so shi ne a gani, a gani a gaban mutane.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na tare Alkasum cikin jama'a, na ce mu gwada su a cikin Telwa, busasshen rafin da ke gefen gari. Ya yi dariya ya ce to. Na zaɓi wurin da yashi ya fi zurfi, daidai kusa da filin da soji ke rabon hatsi, domin can ne mutane suka fi yawa. Wannan shi ne wayon da na yi.

Wani dattijo ya ɗaga rawaninsa ya sauke. Na taka. Motata ta yanka yashin nan tana kuka, na kai wancan gefen na juyo na dawo, Alkasum yana nan a tsakiya, ƙafafun motarsa na tona rami, turbonsa bai ko farka ba. Mutane suka yi ta ihu. Na ji sunana a bakuna da yawa, Lawali, Lawali. Na jawo shi da igiya a gaban kowa. Wallahi ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba, kuma bai kai rabin awa ba.

Ina kwance igiyar sai ga wani soja mai muƙamin ajidan, Chaibou, wanda ke kula da rabon hatsi. Ya zagaya motata a hankali, ya buga murfinta da tafin hannu.

"Ta waye?"

"Tawa ce, mon ajidan," na ce, ƙirjina a buɗe.

"Très bien, madalla. Akwai mutane a cikin duwatsun Ayar, manyan motocinmu ba su kai musu. Irin wannan muke nema tun wata biyu."

Ya dubi ta Alkasum, wadda na gama jawowa daga cikin yashi, ya girgiza kai. Washegari aka kawo mini takarda mai tambari: hukuma ta karɓi motar don aikin taimako har sai an gama rabo. Na ce su ɗauke ni in tuƙa. Suka ce suna da nasu matuƙin. Ina tsaye a ƙofar garaji wani soja ya fita da ita, ina jin kukan komfiresa har ya sha kwanar kasuwa. Wa zan kai wa ƙara? In ce mi, a bar mutane da yunwa a ba ni motata?

Alkasum kuwa, rijiyoyin Tabelot suka ja baya, albasa ta yi ƙaranci, sai ya bar hanyar ya koma kwalta, Agadas zuwa garin Tawa. Doguwar hanya miƙaƙƙiya, inda turbo ke farkawa ya yi ta gudu da isansi kaɗan. Kafin wata uku babu matafiyin da ke son shiga wata mota in ba tasa ba.

Ranar da ya gama da ni, ya zo garaji ne ana shan shayi, mutum kusan goma. Ya dafa kafaɗata.

"Ku dubi wannan," ya ce, babu wasa a muryarsa. "Ya san soji na neman mota mai shiga yashi. Ya ba ni wanda ba za su so ba, ya ɗauki ɗayan, har ya kai ni gabansu don su ga tawa ba ta da amfani. Ya ba da tashi don tawa ta tsira. Daga yau na bar ce mishi bawa."

Aka yi ta sa mini albarka. Wani tsoho har da share ido. Na buɗe baki in faɗi gaskiya, sai na ga in na faɗa, shi ne zai yafe mini a gabansu, a sake yabonsa. Sai kawai na shanye shayina. Tabawa kaɗai ta san gaskiyar, kuma da labarin ya kai mata dariya ta yi har ta zauna a ƙasa.

Motata ba ta dawo ba sai bayan shekara, a bayan wata babbar mota, komfiresan a tsage. A tsakanin nan garaji ba aiki, don haka da Alkasum ya yi mini tayin aiki na karɓa, ina raka shi Tawa ina kula masa da turbo. Duk inda muka tsaya mutane su taho da gudu suna kiran sunansa. Shi ya fita ya tafi cikinsu, ni kuma in zauna a mota ina duban agogo, ina jira minti uku su cika in kashe masa ita.