Ankon Dapo

Da bikin ƙanen mijinta ya zo a Ibadan, Morenike ta ɗinka wa 'ya'yanta anko, ban da Dapo, ɗan farinta da ba ya magana, kullum miyau na dalala. Ta bar shi a ɗaki.

Surukarta ta ƙirga jikoki, ta ce, "Maman Dapo, yadin ne ya ƙare, ko kunya ce?" Sai tsohuwar ta fito da yaron, ta kwance ɗankwalinta ta yafa masa, ta kai shi gaban masu kalangu.

Dapo na cikin cashewa ya hango uwarsa raɓe a bayan rumfa. Ya rugo yana dariya, ya jawo ta tsakar fili, kanta a sunkuye. Shi kam bai ji kunyar a gan shi da ita ba.