Sunan da ke cikin randa

Daren jiya wani mafarki ya ɗauke ni, kuma tunda kun zauna sai kun ji shi. Na tsinci kaina a wata ƙasa inda ruwan sama ke tsirowa daga ƙasa ya nufi gajimare, shi ya sa kowa a ƙafa yake ɗaura lema. Na gyara zanena na bi hanya.

Ashe ƙasar ta sa hannu a wata yarjejeniya da ƙasashen duniya cewa ba za ta kulle mutum babu shari'a ba. Ba ta kuwa saɓa alkawari ba, don ba a kulle kowa. Cikin randa ake zura mutum a rufe da faifai.

Duk shekara gwamnati kan kai rahoto gaban wani kwamitin shamuwa da ke zama a kan rimi. Wani bunsuru mai kaftani, shi ne babban sakatare, shi ke haɗa rahoton. Da safe zai zaga gari yana "Ina kwana?" Kowa ya ce "Lafiya lau," shi kuwa ya rubuta. Har randunan yake gaisarwa, su ma su amsa lafiya, don mai tarbiyya ba ya buɗe gaisuwa da ƙorafi.

Sai ga ni a wani zaure cike da mata. Sun taru za su rubuta nasu rahoton, wanda ake miƙa wa kwamiti tare da na gwamnati don a ji ta bakin talakawa. Suka naɗa ni shugaba saboda surutuna. Mai buga mana tafireta wata kaza ce, da baki take bugawa.

Wata mai sayar da daddawa, Yalwa, ta matso ta durƙusa.

"Gwaggo, yaron nan ne aka saka a randa tun kaka. Atishawa ya yi motar gwamna na wucewa."

"Sannu, 'yar nan. Me sunansa?"

Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi. "Haba Gwaggo. Ɗan fari ne fa."

Kazar ta ɗago kai. "Dokar kwamiti ce. Ba suna, ba ƙorafi."

Na ce to maƙwabta su faɗa. Aka ce ai tun ranar da aka kama shi suka manta, wasu ma har da takardar likita.

Yalwa ta raɗa min a kunne, "Sunan Malam ɗinki ne."

Ni da na tsufa a ɗakin mutumin nan ban taɓa kama sunansa ba, yau a gaban kaza zan fara? Na ce a rubuta "Wane". Kazar ta yi tsaki ta buga.

Kafin in ƙifta ido muna gindin rimi. Shamuwa sun jeru a reshe, kowace da tabarau, kowace a kan ƙafa ɗaya. Bunsuru ya karanta nasa rahoton, shafi bayan shafi na lafiya lau, duk wanda ya gama sai ya cinye. Aka yaba masa da tsafta.

Na miƙa namu.

"Ranku ya daɗe," in ji bunsuru, "mun leƙa randunanmu kaf, ba mu da wani Wane. In akwai shi, uwarsa ta kira shi mana."

Babbar shamuwa ta duba agogo. "Iska ta kusa juyawa. In mun tashi sai baɗi."

Yalwa ta dube ni, na dubi ƙasa. Shamuwa suka fara karkaɗe fukafukai. Sai baiwar Allah nan ta tuɓe mayafi ta ɗaure a ƙugu, ta runtse ido, ta kira sunan da ƙarfinta. Ni dai na toshe kunne ɗaya.

Daga bayan ofishin bunsuru wata randa ta ce, "Na'am, Inna."

Bunsuru ya gyara hula.

"Kun dai ji da kunnenku. Uwa ta kama sunan ɗan fari a bainar jama'a. Wannan tauye haƙƙin al'ada ne, kuma yana cikin yarjejeniya."

Shamuwa suka haɗa kai suka yi ƙus-ƙus. Babbarsu ta ce kwamiti ya nuna matuƙar damuwa a kan ɓangarorin biyu. Ya shawarci Yalwa ta nemi afuwar dangi, ya kuma shawarci gwamnati ta duba yiwuwar sauya faifan da mai ƙofofin shan iska kafin zama na gaba. Suka tashi.

Yalwa ba ta jira fassara ba. Ta sunkuci muciyar wata mai tuwo ta nufi bayan ofis, matan zaure na biye da ita, kazar na gudu a baya tana tambaya ko wannan ma a buga. Na ce buga, 'yar albarka, kuma wannan karon ki sa sunan. Yalwa ta ɗaga muciya ta saita cikin randar.

Sai na farka. Ashe ƙarar da na ji ta injin markaɗen gidan maƙwabcinmu Talle ce, ya tayar da shi tun kafin a share tsakar gida.