Kwat ɗin Harold

Ƙofa biyu ce tsakanin shagon da nake koyar da walda a kwalejin garinmu da ofishin kula da ɗalibai, amma ni da Mis Loretta Pruitt mun daɗe ba ma shan inuwa ɗaya. Ita tana cewa ina yi wa ɗalibai tsawa kamar mai korar awaki. Ni kuwa ina ganin shagwaɓa su take yi da kofi da "sannu ɗana", har da masu furfura.

A bayan ofishinta akwai wani ɗan ɗaki cike da tufafin da mutanen gari ke kawowa kyauta, don ɗaliban da za su je intabiyun neman aiki. Duk namijin da ya shiga ɗakin nan, ko direban babbar mota zai zama ko mai gyaran famfo, da kwat da laktayi zai fito. Haka Mis Loretta ta san neman aiki, kuma ba mai canza mata.

A bara na sami wani ɗalibi, Wendell Boggs, wanda ya haura hamsin. Tun yana saurayi yake aiki a masana'antar taya, ranar nan aka garƙame ta. Hannunsa ba ya rawa ko kaɗan, ɗinkin ƙarfensa sumul. Matsalarsa ɗaya: kullum kansa a ƙasa. Ka tambaye shi abu, sai ya ba takalmanka amsa.

'Yarsa da ke jihar Texas ta riga ta yanke hukunci: in zangon karatun nan ya ƙare bai sami aiki ba, ya sayar da gida ya koma wurinta. Shi kuwa kabarin matarsa yana garin nan, kowace Lahadi sai ya kai mata furanni. Wuri ɗaya tak ke ɗaukar masu walda a yankinmu, wani kamfanin ƙera tirela a bakin gari, kuma sun kira shi.

To, a sana'armu intabiyu ba hira ba ce. Shugaban ma'aikata zai ba ka hannu, ya nuna maka ƙarfe biyu, ya ce haɗa min. Shi ya sa ake zuwa da wandon jins da takalmin aiki da hular walda a hammata. Wanda ya zo cikin kwat, tun daga ƙofa an gama da shi.

Da safiyar ranar ina share teburi sai ga Wendell ya shigo, tsaf cikin kwat ruwan toka, da jan laktayi, da takalmi mai ƙyalli. Wallahi sai da tsintsiya ta kusa faɗuwa daga hannuna.

"Wendell, wa ya rasu?"

"Ba kowa, Mista Royce. Intabiyu zan je."

"A haka? Banki ne suka kira ka?"

Ban jira amsarsa ba, na ja shi har ofishin Mis Loretta. Tana zuba wa shukarta ruwa, ko juyowa ba ta yi ba.

"Royce, in ihu ka zo yi, ka fara goge ƙafa."

"Mis Loretta, wuta zai riƙe yau! Kin san abin da tartsatsi ke yi wa yadin roba? Narkewa yake a jikin mutum!"

"Taɓa ka ji."

Na murza hannun rigar. Ulu ne, tsantsa, irin na da mai nauyi. Ulu kam ba ya narkewa, sai dai tartsatsi ya huda shi. Raina ya ɗan kwanta, amma ban nuna ba.

"Na Harold ne," in ji ta. "Duk ɗakin nan shi kaɗai ya yi wa kafaɗarsa daidai."

Harold mijinta ne, ya rasu shekarun baya. Ban taɓa sanin ta kawo kayansa nan ba. Na sassauta murya, na ce duk da haka dariya za su yi masa, ya zo in ba shi jins ɗina da ke cikin mota.

"Mista Royce," in ji Wendell, "ni dai a bar ni da kwat ɗin."

Na juya zan yi masa faɗa, sai na ga abin da tun shigowarsa ban lura da shi ba. Idona yake kallo. Ashe duk makon nan Mis Loretta tana zaunar da shi bayan an tashi, ta sa masa kwat ɗin, ta ce ya faɗi sunansa yana kallonta, ya sake, ya kuma sakewa.

"Tun da aka rufe masana'anta nake jin kamar an jefar da ni bola," ya ce. "Cikin wannan kuwa ina jin ni mutum ne."

Muka yi ciniki ni da ita kamar masu rabon gado. Laktayi ya tafi, don ba na wasa da abin da ke lilo kusa da inji. Takalmi mai ƙyalli, shi ma na Harold, ya tafi, na cire nawa na aiki na ba shi. Kwat ya tsaya. Ya rungumi hularsa da safar hannu ya fita, ni kuma na yini ina koyarwa cikin takalmin Harold, yana matse min yatsu.

Da la'asar sai ga shi a ƙofar shago, kansa a ƙasa.

"Sun ƙi?"

"Sun ɗauke ni. Litinin zan fara."

"To uban me ya sa kake kallon ƙasa?"

Ya ce da ya shiga, ma'aikatan har da yi masa fito na ba'a, shugabansu ya tambaye shi ko wa'azi ya zo yi. Shi kuwa ya dube shi ido cikin ido ya ce, "Ina ƙarfen?" Daga nan ba wanda ya sake dariya. Sai ya ɗaga min hannayensa. Tartsatsi ya yi wa hannun rigar da gaban wandon ƙananan huji, ba adadi.

"Da wane ido zan kalli Mis Loretta?" ya ce.

"Da wanda ta koya maka," na ce, na tura shi gaba.

Mis Loretta ta saurari labarin har ƙarshe. Ta karɓi rigar, ta ɗaga ta wajen taga, haske yana ratsowa ta hujin. Ta sa ɗan yatsa a ɗaya. Na tausaya mata ƙwarai, har na fara cewa na san wani tela.

"Kul, Royce." Ta share ido da bayan hannu. "Harold ya tsani kwat ɗin nan. Daga coci sai jana'iza, kullum yana mita wai riga ce da ba ta taɓa yin aiki ba. To yau ta yi."

Ta mayar da ita kan marataya, a gaba-gaba, inda duk wanda ya shigo zai fara gani. Sannan ta dubi ƙafata.

"Kai kuma cire min takalmin mijina, kada ka buɗa shi."