Maɓallin Ƙarshe a Wayar Akawu

"Maɓalli," in ji wayar.

Akawu ya sake goga yatsa a kan gilashin. Ta maimaita, ta yi shiru.

"Ka ji ko, Direba? Maɓallin me? Na riga ko na wando?"

Na karɓa na duba. Karatuna bai wuce na allon bakin hanya ba, amma shekara talatin ina jan babbar mota, na iya gane hoto. Na ce masa 'yar mota ce koriya aka zana a can ƙasa, in ya danna ya kama kujerar tafiya a mota ke nan. Ya ce shi tunda yake aikin ofis bai taɓa sa hannu a takardar da ba ta da kai ba, ba kuwa da furfura zai fara ba.

Ƙofarsa na kallon tawa. Ciwon suga ne ya cinye masa ido, matarsa ta rasu, ya rage daga shi sai wayar nan mai karanta masa duk abin da yatsansa ya taɓa. Kujera biyu ce a ɗakin. Ɗaya yake zama, ɗayar ya jibga mata tsofaffin fayil har sun kai ƙirjin mutum, don haka ni a bakin gado nake zama.

Mai fayil ɗin nan kujerar Auta ce, 'yarsa. Aikinta gina shafukan intanet a wani gari mai nisa, kuma ita ta gina shafin kamfanin motocin da yake buɗewa kullum. Da can takan zo ta zauna nan da kwamfutarta, ta sa shi ya saurari aikinta ya fitar mata da kuskure. Shi ya fahimtar da ni yadda abin yake. Kowane akwati da kowane maɓalli a shafin yana da abin da ido ke gani, yana kuma da sunan da magini ya rubuta masa a baya. Manhajar da ke buɗe shafin ita ke miƙa wa muryar wannan suna, wani lokaci har da ɗan ƙarin bayani. In ba a rubuta ba, muryar ba ta da abin faɗa. Na ce ashe kamar buhu ne a tasha, wanda ba suna a jikinsa a kan mota yake kwana. Ya ce kaina na ja, makaranta ce ta yi asara.

Abin da ya raba su ba wani abu ba ne. Ta ce ya tattara ya koma wurinta, ya ce shi ba kaya ba ne da za a ɗauka. Magana ta yi zafi, ya ce kada ta sake kiransa sai ya kira ta. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Shekara biyu, ba wanda ya kira wani.

Amma kowace safiya, bayan na kai masa ruwan zafi, sai ya buɗe shafin. Daga ina? Ya cike. Zuwa ina? Ya sa garinta. Muryar ta ce ranar tafiya, fara da rana, sannan wata, sannan shekara. Nan yakan tsaya ya sake saurara.

"Maganarta ce sak. Haka take bi da ni, kamar ɗan aji ɗaya."

Sai ya zo maɓallin ƙarshe, ya yi tsaki, ya kife wayar. Na yi zama da mutane iri-iri, na san mai neman dalili in na gan shi. Na ce ya ba ni lambarta in kira da bakina. Ya ce in na kuskura, in riƙe ruwan zafina.

Da ƙafafunsa suka fara kumbura, numfashi ya soma yi masa wuya, sai ya canja dabara. Ya shiga wurin da fasinjoji ke kai ƙorafi, ya yi ta faɗa wa wayar tana rubutawa, irin wasiƙar ofis ta da. Wai shi fasinja ne marar gani, yana da muhimmiyar tafiya, maɓallin ƙarshe ba shi da suna, a gyara. Ya sa cikakken sunansa a ƙasa.

"Wannan ai kiran Auta ne," na ce.

"Ƙorafi ne."

Kwana huɗu yana dubawa, wayar na cewa maɓalli. Ranar Laraba na tafi ɗaurin ƙafar jikata da ta faɗi a makaranta, ban leƙa shi ba sai Alhamis da hantsi. Na yi sallama sau uku. Yana kishingiɗe a kan gado sanye da rigarsa ta fita unguwa, wayar a kan ƙirjinsa. Na ajiye butar, na taɓa hannunsa, ya yi sanyi.

Da na ɗauke wayar don in rufe shi da mayafi, babban yatsana ya sauka a kan 'yar motar nan. Ba abin da ya canja a ido, koriya ce kamar kullum. Muryar ta ce:

"Kama kujera, maɓalli. Danna sau biyu. Baba, kada ka wahalar da kanka, ina zuwa ranar Asabar."

Na tsaya da ita a hannu, ban san ko ya ji kafin ya rasu ba. Sai da na juya zan fita kiran maƙwabta na ga fayil ɗin nan an sauke su ƙasa, an jera su jikin bango a karkace. Kujerar an goge ta da tsumma, saura wani zirin ƙura a gefe ɗaya, inda hannunsa bai kai ba.