Riga Shida a Rana

A wannan asibiti ba a barin majinyaci shi kaɗai. Shugaban asibitin ne ya faɗi haka a taron ma'aikata, aka buga da manyan baƙaƙe, aka liƙa a kowace ƙofa, har da ta ɗakin ƙarshe, inda wani tsohon tela ya yi sati biyar yana hira da silin.

Aikin ƙaba ya kawo shi, na kwana uku. Sai ƙwayar cuta ta shiga ɗinkin, irin wadda ta sha magani har ta raina shi. Aka koma wata allura mai tsadar gaske, aka keɓe shi. Duk mai shiga sai ya sa rigar leda, in ya fito a jefa ta kwandon ƙonawa.

Da kuɗi ya fara kuka, kwamitin tsimi ya zauna. Allura ba ta taɓuwa, don haka aka taɓa riguna: shida a rana. Likita ɗaya, nas huɗu, mai shara ɗaya. Matar tela, wadda kullum take shiga da yamma, ba ta faɗo wa kwamiti a rai ba. Ta koma tsayawa bayan gilashin ƙofa, tana magana yana gyaɗa kai, ba ya jin ko kalma.

Mai shara ce kaɗai take zuwa ba tare da allura ba. Kowace safiya tana goge ƙasa tana ba shi labarin surukinta da hayar gida.

"Wa ya ɗinka miki wannan abin kunya?" in ji tela. "Ba kafaɗa, ba aljihu."

"Baba, rigar minti ashirin kake nema wa aljihu?"

Ya kalli rigar kamar zai auna ta.

"'Yar nan, gobe ki turo min bokiti da sandar gugar ƙasa ta ƙofa. Rigarki ki ajiye wa mai ɗakina."

"Kai? Mama ta ce ko kofin da ka sha ruwa ba ka taɓa ɗaukewa ba."

"Tana da baki. Shi nake so in ji."

Aka kai maganar gun babbar nas. Ta ce, "Ni shida na sani. Wanda ke cikinsu ba ruwana."

Washegari bokiti ya shigo, ƙofa ta rufe. Ba suruki, ba hayar gida. Tela ya riƙe ƙarfen ƙarin ruwa da hagu, sandar guga da dama, ya bi ɗakin layi-layi yadda yake bin yadi.

Da yamma matarsa ta shigo tana ƙarar leda. Ta duba ƙasa kafin ta dube shi.

"Maigida, ka bar ƙarƙashin gado."

"Sannu da zuwa ke ma."

Ta yi awa guda, ta tafi, rigar ta tafi kwando.

A ƙarshen wata rahoto ya yaba wa kwamiti: an rage kashe kuɗi, kuma babu majinyacin da ya rasa komai. Da safiyar nan tela ya durƙusa ya zura sanda ƙarƙashin gado. Ɗinkin ya ja shi. Ya dafe wurin, ya jira ya lafa, sannan ya matse tsumma ya ci gaba.